Leonard Howell: Mutumin da ya shigar da tabar wiwi cikin ibadar 'yan Rasta

An haifi Leonard Percival Howell ranar 16 ga Yunin 1898 a gundumar Clarendon da ke tsibirin Jamaika, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Tun yana matashi ya fita neman abin kansa, har ya yada zango a unguwar Harlem ta birnin New York, inda ya ci karo da aƙidar Marcus Garvey ta 'yantar da baƙar fata. A 1932 ya koma gida.

Naɗin Haile Selassie a matsayin Sarkin Habasha a watan Nuwamban 1930 shi ne ya sauya rayuwarsa. A 1933 Howell ya fara wa'azi a gundumar St. Thomas, yana ɗaukaka Selassie zuwa matsayin abin bauta, yana kuma kiran talakawa su daina mubaya'a ga Sarkin Ingila. Hukuma ba ta lamunta ba: a 1934 kotu ta ɗaure shi shekara biyu bisa laifin tunzura jama'a.

Asalin alaƙar tafarkinsa da tabar wiwi kuwa daga Indiya yake. Bayan soke bauta, Turawa sun kawo 'yan ƙwadago sama da 36,000 daga Indiya tsakanin 1845 da 1917 domin noman rake. Da su ne ganyen ya yaɗu a tsibirin, tare da sunansa na ganja. A addinin Hindu ana danganta shi da abin bautarsu Shiba, kuma wasu masu gudun duniya na shan sa da nufin tattara hankali wajen ibada. Howell ya yi cuɗanya da jikokin waɗannan baƙi, har ya fitar da littafinsa The Promised Key da sunan G.G. Maragh, mai kama da na malaman Hindu.

A 1940 ya kafa matsugunin Pinnacle a tsaunukan St. Catherine. Mabiyansa sun noma abinci, sun kuma noma wiwi, suna sha a tarukan addu'a, suna sayar da saura, alhali dokar ƙasar ta haramta shi tun 1913. 'Yan sanda sun kai samame a 1941, aka sake ɗaure shi. Babban samamen 1954 ne ya karya matsugunin, mabiya suka watsu cikin unguwannin marasa galihu na Kingston, inda daga baya kiɗan rege ya tsiro, Bob Marley ya kai sunan Rasta ko'ina a duniya, har da ƙasar Hausa.

Howell ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici, bayan an sha tsare shi a asibitin masu taɓin hankali. Ya rasu a 1981, 'yan watanni kafin Marley. Shi kansa Selassie Kirista ne mabiyin Cocin Habasha har ƙarshen rayuwarsa.

A 2015 Jamaika ta gyara doka, ta bai wa 'yan Rasta damar amfani da ganyen a ibadarsu. A Najeriya kuwa haramcin na nan daram, hukumar NDLEA ce ke farautar masu noma shi da dillalansa, malaman Musulunci kuma sun sanya shi cikin kayan maye da shari'a ta hana.