Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Littattafansa a Kan Ciwon Ciki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da malam ya ce kowa ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin magabata ya rubuta tarihinsa saboda littafinmu na bana, ni sai na zaɓi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Da yawanmu mun san shi sarki ne, jarumi ne, kuma shi ne mai littafin Infaƙul Maisur. Abin da ban sani ba sai a wannan shekara shi ne, ashe ya wallafa littafi guda a kan basir, da wani kuma a kan filasko. Ranar da malam ya faɗa mana haka a aji, wallahi dariya muka yi. Malam ya bar mu muka gama, sannan ya tambaye mu ko akwai wanda gidansu babu mai kukan ciki. Duk muka yi tsit.

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, wato 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu ba ya yankewa dare da rana. Ya ɗauki tafsiri da hadisi a wurin mahaifinsa, ya ɗauki Larabci da nahawu a wurin baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya kuma zauna gaban wasu malamai na jama'ar Shehu. A 1804, lokacin da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Bello saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya halarci yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato, a 1812 ya kammala Infaƙul Maisur. Da Shehu ya yi wafati a 1817, sai aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi.

Shekara ashirin ya yi yana mulki, kuma shekaru ne na wahala. Tawaye ya tashi a wurare da dama bayan rasuwar Shehu. Bello ya riƙa kafa ribaɗi a kan iyakoki, yana zaunar da jama'a su yi noma da sana'a da karatu, shi kansa ya riƙa zama a ribaɗin Wurno. Duk da wannan ɗawainiya bai ajiye alƙalami ba. Ya bar littattafai sama da ɗari a kan fiƙihu da tarihi da siyasa da tasawwufi, kuma a cikinsu akwai na ɗibbu. Akwai Almawaridun Nabawiyya a kan magungunan da suka zo a hadisi, akwai Masugul Lujaini a kan ciwon ido. Biyun da suka shafi ciki su ne Alƙaulul Mansur, wanda ya yi bayanin magungunan basir, da Alƙaulus Sana, wanda ya yi bayanin hanyoyin tausasa ciki da wanke shi da ganyen sana. Sana shi ne abin da mu Hausawa muke kira filasko.

To, kafin mu gane dalilin waɗannan littattafai biyu, sai mun san hanyar da loma take bi. Idan ka kai lomar tuwo baki, haƙora su niƙa ta, miyau ya jiƙa ta ya fara narkar da ita. Daga nan ta gangara ta maƙoshi zuwa tumbi, inda wani ruwa mai tsami ƙwarai yake dama ta har ta koma kamar kunu. Sai ta shiga ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita shida a jikin babba. Nan ne ruwan maɗaciya da hanta take yi yake haɗuwa da abincin ya warware maiƙo, nan ne kuma amfanin abinci yake ratsawa cikin jini. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, wanda aikinsa shi ne tsotse ruwa. Idan saura ya daɗe a nan, ko mutum ba ya shan ruwa sosai, ko abincinsa babu ganye babu wake babu 'ya'yan itace, sai bayan gida ya bushe ya yi tauri. Mutum ya je makewayi ya yi ta yunƙuri, jijiyoyin jini na dubura su kumbura, wani lokaci su yi jini. Wannan kumburi shi ne basir na gaskiya. Kun ga ke nan littattafan Bello biyu suna haɗe da juna, ɗaya yana maganar taurin ciki, ɗayan yana maganar abin da taurin yake haifarwa.

Shi filasko an ambace shi a hadisan da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, kuma likitocin Musulunci na da sun yi amfani da shi ƙwarai. Har yau ana sayar da ƙwayarsa a farmasi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa a babban hanji yake. Ƙananan halittun da suke zaune a hanjin su ne suke sarrafa sinadarinsa, sai ya motsa hanjin ya tura abin da ke ciki, galibi bayan awa shida zuwa sha biyu. Amma fa idan aka wuce ƙima, yana kawo murɗar ciki da zawo, ya zubar da ruwan jiki da gishirinsa, kuma ba a so a ɗore da shansa kullum. Saboda haka ganye irin wannan yana bukatar malami ya zauna ya rubuta yadda ake shan sa, tunda abin da yake warkarwa a awo kaɗan yana iya kwantar da mutum idan aka cika hannu.

Wani abu kuma da ya burge ni shi ne yadda Bello ya nemi ilimin magani ko daga ina ya fito. A 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Kilafaton ya iso Sakkwato. Cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila ta hannunsa har da a aiko masa da likita. Da Kilafaton zai dawo a 1825 ya taho da likitoci biyu. Ɗaya ya sauka a Wida, nan kusa da mu a bakin teku cikin Benin ta yau, ya nufi arewa ta Dahome, ɗayan ya bi ta Badagiri. Babu wanda ya kai Sakkwato a cikinsu, duk hanya ta cinye su. Shi ma Kilafaton ciwo ya kama shi, har da atini, wato zawo mai jini, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu 1827.

Bello ya ci gaba da mulki da rubutu. A 1836 ya ci nasara a yaƙin Gawakuke. A 1837, wato 1253 bayan Hijira, ya yi wafati a Wurno, can kuma kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya gaje shi.

'Yan'uwana ɗalibai, ga abin da na ɗauka daga wannan tarihi. A nan Zongo kusan kowane ciwo sunansa basir. Ciwon baya basir, kasala basir, jiri ma basir. Mai magani ya wuce da lasifika, a sayi kwalba babu suna babu awo, a sha a yi ta zawo ana murna wai datti ne yake fita. Wani kawuna mai tuƙa zemijan ya fi shekara yana ganin jini, kunya ta hana shi gaya wa kowa, sai kwalabe yake ta sha a ɓoye har ya rame. Da ƙyar aka kai shi asibiti, aka duba aka ba shi magani, aka ce ya yawaita ruwa da miyar lalo da kuɓewa da wake da gwanda, ya rage gari busasshe, ya riƙa sauka daga babur yana taka ƙafa. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Amma likita ya ce ba kowane jini ba ne basir, wani alamar ciwo ne mai tsanani a hanji, wanda jinkiri yake ɓata shi.

Sarkin Musulmi guda, mai rundunoni da alƙalai, bai ji kunyar rubuta sunan wannan ciwo a kan littafinsa ba. To mu me zai sa mu ji kunyar faɗa wa likita? Kuma mun karanta a hadisi cewa ciki kashi uku ake raba shi, na abinci da na ruwa da na numfashi. Mu fara da wannan a gidajenmu, musamman lokacin buɗa-baki da azumi.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mahaifinsa da malamansa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina roƙon malamai su gyara mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.