Frank Hornby: Akawun da ya share fagen tara ƙananan jiragen yaƙi na zubin ƙarfe

Frank Hornby ya rasu ranar 21 ga Satumba, 1936, kusan shekara uku kafin jirgin sama mai injin jet na farko ya ɗaga daga ƙasa. Bai taɓa ganin irin wannan jirgi ba, bai kuma ji ruguginsa ba. Duk da haka, masu tara ƙananan jiragen yaƙi na zubin ƙarfe, irin waɗanda ake jerawa a kabad mai gilashi ko a ɗora bisa teburin ofis, in suka bi salsalar abin da ke hannunsu, sawu ɗaya babba yakan kai su masana'antar da wannan Bature ya kafa a birnin Liverpool na ƙasar Ingila.

An haife shi a Liverpool ranar 15 ga Mayu, 1863. Mahaifinsa, John Oswald Hornby, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi. Frank ya bar makaranta yana da shekara 16, ya kama aikin kashiya a wurin mahaifinsa. A 1887 ya auri wata malamar makaranta, Clara Walker Godefroy, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Roland da Douglas, da mace ɗaya, Patricia. Da mahaifin ya rasu a 1899 aka rufe kasuwancin, sai Frank ya koma akawu a wurin David Elliott, wani mai shigo da nama daga ƙasashen waje. Yana da shekara 36 a lokacin, ga iyali, ga albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma bai taɓa zama a ajin koyon injiniya ba.

Abin da yake da shi shi ne ɗan ɗakin aiki a gida, inda yakan yanka fallen ƙarfe ya haɗa wa 'ya'yansa gadoji da manyan motoci da injinan ɗaga kaya. Da farko kowane abin wasa da nasa sassan, waɗanda ba sa shiga wani. Daga baya ya lura cewa in aka huda sillayen ƙarfen a jere, aka bar tazarar rabin inci tsakanin kowane rami da na kusa da shi, to sille ɗaya zai iya zama ƙafar gada yau, gobe a kwance noti ya zama gefen mota. Ramukan kuma za su riƙe sandar da taya ke juyawa a kai. Wannan rabin inci shi ne jarin Hornby na gaskiya. Ido ne irin na akawu, wanda ya saba da cewa lissafin yau dole ya dace da na jiya.

A watan Janairun 1901 ya yi rajistar mallakar wannan fasaha, da rancen fam 5 da ya karɓa daga maigidansa Elliott. Kamfanonin da ya fara ba aikin ƙera sassan ba su gamsar da shi ba, 'yan kasuwa kuma suka yi ta jan ƙafa. Elliott ya ba shi wuri kusa da ofis, ya kuma shiga harkar a matsayin abokin tarayya. Henry Selby Hele-Shaw, farfesan injiniya a Liverpool, ya duba kayan ya yaba, wannan shaida ta taimaka wajen samun kamfanonin da za su ƙera sassan. A 1902 aka fara sayar da kwalin farko da sunan Mechanics Made Easy, a kan sule 7 da sisi, kuɗin da ba kowane gida ke iya fitarwa don wasan yara ba. Shekarun farko ba riba, Hornby bai bar aikin akawu ba sai da harkar ta tsaya da ƙafarta.

A 1907 ya yi rajistar sunan Meccano, a 1908 aka kafa kamfanin Meccano Ltd, Elliott kuma ya janye. A 1914 aka buɗe babbar masana'anta a titin Binns Road, wadda ta zama hedikwatar kamfanin fiye da shekara 60. Hornby ya gane da wuri cewa sayar da kaya kaɗai ba ya riƙe mai saye. Ya fara buga mujallar Meccano Magazine a 1916, ya kafa ƙungiyar Meccano Guild a 1919 domin haɗa kan yara masu wannan sha'awa a ƙasashe daban-daban. A mujallar ake sanar da sabon kaya, a ba shi lamba, a bayyana injin gaskiya da aka kwaikwaya. Yaro ya san abin da yake da shi, ya san abin da ya rage masa. Wannan ɗabi'a ta bin lamba da neman cika jeri ita ce har yau ke tafiyar da masu tara irin waɗannan kaya.

A 1920 kamfanin ya fitar da ƙananan jiragen ƙasa masu sunan Hornby, waɗanda ake wanawa kamar agogo. Jirgin ƙasa yana buƙatar tasha da fasinjoji da ma'aikata, don haka a farkon shekarun 1930 aka soma zuba ƙananan mutane da dabbobi na darma domin ƙawata gefen layin dogo. A ƙarshen 1933 aka ƙara motoci shida, cikinsu har da tarakta da tankar yaƙi. A watan Afrilun 1934 aka raɗa wa wannan sashe suna Dinky Toys. Ba Hornby ne ya fara zubin ƙananan kayan wasa ba, domin kamfanin Dowst na Chicago a Amurka, mai yin Tootsietoy, ya riga shi. Abin da Dinky ya zo da shi shi ne yawan iri, da tsarin lamba, da ƙoƙarin kwaikwayon ainihin abin da ke tafiya a titi ko yake tashi a sama.

A cikin 1934 ɗin ne jiragen sama shida na farko suka fito, a jeri mai lamba 60. Na farar hula ne, irin su Percival Gull da Leopard Moth da kuma Cierva, mai fuka-fukan da ke juyawa a bisa kai. Yadda ake yin su bai yi nisa da aikin maƙeran da ke zubin tukwane ba, sai dai a nan mazubin na baƙin ƙarfe ne mai tauri, kuma inji ne ke tura narkakken ƙarfen ciki da ƙarfi, ya cika kowane lungu cikin ƙiftawar ido. Kamfanin ya sauya daga darma zuwa wani haɗi da akasarinsa tutiya ce, da ɗan alminiyam da maganiziyam, wanda a Ingila ake kira Mazak. Mazubi ɗaya kan fitar da dubbai, kowanne tamkar ɗan'uwansa.

A wannan lokaci Hornby ya riga ya zama attajiri, yana zaune a babban gida a Maghull, arewa da Liverpool, kamfaninsa kuma yana da masana'anta a Faransa. A 1931 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Birtaniya mai wakiltar Everton a ƙarƙashin jam'iyyar Conservative, amma bai sake tsayawa a zaɓen 1935 ba. Ciwon zuciya da ciwon sukari suka ci ƙarfinsa, ya rasu yana da shekara 73. An binne shi a harabar majami'ar St Andrew da ke Maghull, ɗansa Roland ya gaje shi a shugabancin kamfanin.

Jiragen yaƙi sun shiga jerin Dinky sosai ne bayan rasuwarsa, lokacin da Turai ke shirin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940 kamfanin ya sayar da ƙananan Spitfire na musamman, aka zuba kuɗin a asusun sayen jirgin gaskiya ga rundunar sojan saman Birtaniya. Ba da jimawa ba aka dakatar da kayan wasa, Binns Road ta koma aikin yaƙi. Ranar 15 ga Mayu, 1941, ranar da Hornby zai cika shekara 78 da yana raye, jirgin jet na farko na Birtaniya ya tashi da injin Frank Whittle. A 1946 Dinky ya fitar da Gloster Meteor, jirgin yaƙi mai jet na farko da Birtaniya ta yi amfani da shi, sai Shooting Star na Amurka ya biyo baya. A shekarun 1950 aka yi Hawker Hunter da Gloster Javelin, a shekarun 1970 kuma aka yi manya irin su Harrier da Phantom da Jaguar. Wannan Jaguar shi ne irin jirgin da rundunar sojan saman Najeriya ta saya guda 18 a shekarun 1980, ta ajiye a Makurɗi.

Akwai wani aibi da ya biyo kayan zamanin Hornby, wanda masu tarawa ke tsoro fiye da tsatsa. In darma, ko da 'yar kaɗan ce, ta gurɓata haɗin tutiya a wurin narkarwa, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage, fiffike ya lanƙwashe, daga ƙarshe ya rugurguje. Babu maganinsa, laima kuma tana hanzarta shi. Jiragen Dinky da yawa na kafin yaƙi haka suka ƙare, shi ya sa lafiyayyensu ke tsada a wurin gwanjo. Daga nan masu tarawa suka koyi ƙa'idojin ajiya: a sa jirgi a kabad mai rufi, nesa da danshi da hasken rana mai kashe fenti, kada a sake masa fenti, kuma a adana kwalinsa na asali, domin kwalin kan ɗaga darajarsa ƙwarai.

Kamfanin bai dawwama a kan ganiyarsa ba bayan magadan Hornby sun karɓa. Matchbox ya fito a 1953, Corgi a 1956, suka raba masa kasuwa. A 1964 kamfanin Lines Brothers ya saye Meccano Ltd, a watan Nuwamban 1979 kuma aka rufe Binns Road, ma'aikata suka rasa aiki, daga baya aka rushe ginin. Sunayen uku suka rarrabu a hannu daban-daban. Kamfanin da ke ɗauke da sunan Hornby a yau ya sayi Corgi a 2008, wato tsohon abokin hamayyar Dinky, kuma a ƙarƙashinsa ake fitar da jerin Aviation Archive, jiragen yaƙi na zubi waɗanda akasarinsu inci ɗaya a jikinsu ke daidai da inci 72 a jikin jirgin gaskiya. Masu sayensu yanzu manya ne, tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan ofis, kuma abin da suka fi dubawa kafin su biya shi ne ko awon ya yi daidai.