Harold Ridley, Likitan da Ya Dasa wa Ido Madubin Roba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtua ko Malumfashi ya san dattijon da yanar ido ta raba shi da gonarsa ta auduga, ya koma zaman zaure, jika na ja masa sanda. A da, ko an kai shi Asibitin Ido na Kano, wanda aka buɗe a 1943, an cire yanar, da tabarau mai kaurin gaske zai dawo. Ranar da tabarau ya fashe kuwa, duhu ya komo. Dalili shi ne, yana ba wani abu ba ce illa madubin cikin ido da ya dushe, in an cire shi dole a sami madadinsa.

An haifi Harold Ridley a Ingila a 1906, ya yi karatu a Kambirij da Asibitin St Thomas na Landan. A 1941 aikin soja ya kai shi ƙasar da ake kira Ghana a yau, ya yi tattaki har garin Funsi a arewacinta, ya binciki makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa.

Yaƙin nan ne ya nuna masa abin mamaki. Matuƙa jiragen yaƙi kan zo da ɓarɓashin robar murfin jirgi a cikin idanunsu, amma ido ya zauna da shi lafiya, bai ƙi shi ba. Daga baya wani ɗalibi ya tambaye shi ko zai mayar da wani abu a gurbin madubin da ya cire. Mu da muka riƙe alli mun san irin tambayar nan da malami kan yi wa dariya. Shi Ridley bai raina ta ba. Kamfanin Rayner ya sassaƙa masa madubi da wannan roba, kuma ranar 29 ga Nuwamba, 1949 ya fara wannan aiki a idon wata mata.

Manyan likitocin ƙasarsa, irin su Duke-Elder, suka yi masa ca. A gaskiya ba su rasa hujja ba, domin madubin farko yana da nauyi, yakan goce daga mazauninsa. Sai da Binkhorst na Holan da Fyodorov na Rasha da wasunsu suka kyautata ƙirar, sannan Amurka ta amince da ita a 1981. Irin aikin ne ake yi wa iyayenmu yau a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, matuƙar mai tsinken gargajiya bai riga ya ɓata idon a ƙauye ba.

Da tsufa ya kama Ridley, shi ma yana ta rufe masa ido, aka dasa masa madubin a idanunsa biyu. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 2000. Ya mutu ranar 25 ga Mayu, 2001, yana da shekara 94.