Audubon, ɗan kasuwar da ya karye ya koma zanen tsuntsaye

A shekarar 2010, a birnin Landan, an yi gwanjon wani littafi kan kuɗi fam miliyan 7.3. Sunansa The Birds of America, kuma mutumin da ya zana shi ya taɓa kwana gidan kaso saboda bashi.

An haifi John James Audubon a 1785 a Les Cayes, cikin Haiti ta yau, lokacin tana hannun Faransa. Mahaifinsa matuƙin jirgin ruwa ne mai gonar rake. Yaron ya tashi kusa da Nantes. A 1803 uban ya tura shi Amurka don kada a saka shi sojan Napoleon. Kasuwanci bai karɓe shi ba: a 1819 ya karye. Matarsa Lucy ta riƙe gida da aikin koyarwa, shi kuwa ya shiga daji da bindiga da takarda. Yakan harbe tsuntsu, ya tokare shi da waya kamar yana raye, sannan ya zana shi daidai girmansa.

Amurka ba ta ba shi mai bugawa ba, sai ya tsallaka Ingila a 1826. A can ne aikin ya zama na hannu da yawa. Robert Havell ƙarami yakan sassaƙa zanen a kan farantin jan ƙarfe, a buga da baƙar tawada, sannan gomman ma'aikata su shafa launi da buroshi, takarda bayan takarda. Tsawon kowane shafi ya kusan mita ɗaya, duk da haka sai da filamingo ya sunkuyar da wuya kafin ya shiga. Daga 1827 zuwa 1838 aka fitar da zane 435, biyar-biyar, Audubon na bin gidajen attajirai yana neman masu biya. Yau sunansa kowa ke kira, na masu shafa launin kuwa ba a cika ji ba.

Akwai kuma abin da kyan shafukan ba ya rufewa: ya mallaki bayi, ya sayar da su, ya yi adawa da masu neman a 'yanta su. Shi ya sa wasu rassan ƙungiyar kare tsuntsaye ta Amurka mai ɗauke da sunansa suka cire shi, kodayake uwar ƙungiyar ta riƙe shi a 2023.

Ya rasu a New York a 1851. Wasu tsuntsayen da ya zana, kamar ƙaramin akun Carolina, sun ƙare a duniya tun tuni.