Shehu Usmanu da Hubbarensa

Bara da hutu na tashi daga Gashuwa, na bi ta Nguru, na tafi Sakkwato ziyarar Hubbaren Shehu. Kakana bai so tafiyan nan ba, gama mu mutanen Barno ne, jama'ar Shehu kuwa su suka ci Birnin Gazargamu cikin 1808.

An haifi Shehu a Maratta, ƙasar Gobir, cikin 1754. Ya girma a Degel, ya yi karatu wurin Malam Jibrilu, ya fara wa'azi yana da shekara 20. Da Yunfa Sarkin Gobir ya matsa masa, sai ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, can aka yi masa mubaya'a. Bayan yaƙi ya zauna Sifawa yana karantarwa, sa'an nan ya koma Sakkwato. Ya rasu cikin 1817, aka binne shi cikin gidansa, watau Hubbare.

Ƙasar wurin ba ta fi tamu kyau ba, ilmin mai gidan ya ba ta daraja. Na tarad da Barebari da Fulani suna addu'a kafaɗa da kafaɗa. Da na komo na faɗa wa Kaka, ya daɗe shiru, kana ya ɗaga hannu ya yi wa Shehu addu'a. Allah ya jiƙansa, amin.