Amadou Hampâté Bâ: magatakardan da ya haura shekara 70 kafin ya zama marubucin labari

A ƙarshen shekarun 1920, a garin Bobo-Dioulasso, wani tsohon tafintan Turawa da duniya ta juya wa baya ya kwashe kusan wata uku yana ba wani matashin magatakarda labarin rayuwarsa, dare bayan dare. Ya gindaya masa sharaɗi: kada a rubuta sai bayan ya mutu, kuma a sakaya sunansa. Matashin shi ne Amadou Hampâté Bâ. Bai cika alƙawarin ba sai a 1973, yana ɗan shekara saba'in da 'yan kai.

An haife shi a Bandiagara ta ƙasar Mali wajajen 1900, cikin gidan Fulani. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami. Ya yi karatun allo a gaban Tierno Bokar, malamin Tijjaniyya da ya zame masa uba, sannan aka sa shi lakwal. A 1921 ya ƙi tafiya makarantar William Ponty ta Gorée saboda mahaifiyarsa ba ta yarda ba. Gwamna ya fusata, ya tura shi Wagadugu a matsayin ƙaramin ma'aikacin wucin gadi. Shekara goma ya yi yana yawo tsakanin ofisoshin kumandan a Haute-Volta, Burkina Faso ta yau.

Horon da aka yi masa ya zame masa jari. Daga teburin magatakarda ya ga yadda mulkin mallaka ke tafiya ta ciki, musamman ƙarfin tafinta, wanda shi kaɗai ke jin abin da Bature ya faɗa da abin da talaka ya amsa. Duk inda ya sauka kuma yana zama wurin tsofaffi da maroƙa yana rubuta abin da suka ce.

Bayan rasuwar Tierno Bokar a 1940, cikin rikicin Hamalliyya, 'yan sandan Faransa suka sa masa ido. Théodore Monod ne ya cece shi a 1942, ya ɗauke shi aiki a cibiyar bincike ta IFAN. Littafinsa kan daular Fulanin Masina, wanda suka yi da Jacques Daget, ya fito a 1955. Daga 1962 zuwa 1970 yana majalisar zartarwa ta UNESCO, kuma yana cikin waɗanda suka zauna a Bamako a 1966 domin daidaita haruffan harsunan yankin, har da Hausa, Fulatanci da Zabarmanci.

Duk wannan aikin masani ne, mai adana maganar wasu. Sai da ya ajiye muƙamai ya zauna a Abidjan sannan ya koma kan tsohon alƙawari. L'Étrange Destin de Wangrin ya ba da labarin tafinta mai wayon tsiya, wanda ya damfari kumandoji da sarakuna, ya tara dukiya yana kyauta ga miskinai, daga bisani giya da wata mace suka tsiyata shi. A 1974 littafin ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata.

Masu sharhi sun kira shi ƙagaggen labari, abin da bai yi wa marubucin daɗi ba: har ƙarshen ransa yana dagewa cewa Wangrin mutum ne na gaske. Gaskiyarsa ce, amma tsara zancen da barkwancin da ke sa mutum ya kasa ajiye littafin nasa ne, kuma da wuya matashin da ke cin albashin Turawa ya iya rubuta shi haka.

Ya rasu a Abidjan ranar 15 ga Mayu, 1991. Tarihin ƙuruciyarsa, Amkoullel, l'enfant peul, ya fito a wannan shekarar. Kashi na biyu, Oui mon commandant!, ya biyo baya a 1994.