Ibrahim Narambaɗa Tubali: Yadda muryar makaɗin Isa ta iso wayarka

Ɗan'uwa matashi, in kai ɗan Tsamaye ne, ko Sabon Birni, ko Isa, da wuya a ce ba ka taɓa jin muryar Narambaɗa ba. Ko ba ta cikin memorin wayarka, tana cikin ta babanka, ko ta direban da ke ɗaukar ka zuwa kasuwar Shinkafi. To ga abin da ya kamata ka tsaya ka yi tunani a kai: mutumin nan ya rasu tun farkon shekarun 1960, ya haura shekara 60 a ƙasa. Kaset ɗin da kakanninmu suka riƙa sauraren sa a ciki, sai a 1963 kamfanin Philips ya fito da shi duniya. Ta wace hanya ke nan muryarsa ta biyo har ta iso kunnenka? Amsar tana cikin tarihin rayuwarsa, kuma tana ɗauke da wani aiki da ya rataya a wuyanmu.

An haifi Ibrahim a garin Tubali a ƙarshen ƙarni na 19. A wancan lokaci Tubali tana cikin ƙasar Isa, yanzu kuwa ta faɗa ƙaramar hukumar Shinkafi, tun da aka yanki jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996. Sunan mahaifinsa Maidangwale. Ya yi karatun allo kamar kowane yaro, ya tashi cikin noma. Da ƙarfi ya kawo masa, kokawa ya fara yin suna da ita kafin waƙa. Masu tarihinsa suna ba da labarin cewa a lokacin samartaka yana da wata karya da ake kira Rambaɗa, daga nan mutane suka laƙaba masa Na-Rambaɗa. Sunan ya bi shi har fadar sarakuna.

Kiɗa kuwa ta wajen uwa ya gado shi. Abin kiɗansa kotso ne, ganga mai baki ɗaya a rufe da fata, ɗaya bakin a buɗe, ana rataya ta a kaɗa da yatsu. Da waƙoƙin noma ya soma, irin waɗanda ake zuga manoma da su a wajen gayya. Daga gona ya shiga yi wa masu sarauta na kusa da gida, har ya kai ga fadar Isa, inda ya zama makaɗin Sarkin Gobir. Ubangidan da aka fi sanin sa da shi shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya hau sarauta a tsakiyar shekarun 1930, kuma shi ne ya kwashi mafi yawan waƙoƙinsa.

Kada sarautar ta rikita ka. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Gobirawa sun sake kafa gidajen sarautarsu a Tsibiri, cikin Nijar ta yau, da kuma Sabon Birni. Gidan sarautar Isa kuwa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, su ma suna riƙe da sarautar Sarkin Gobir. A ƙasa irin wannan, inda kowane gida yake ji da tarihinsa, makaɗin fada ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke riƙe da jerin kakanni a ka, shi ke tuna wa sarki abin da magabatansa suka yi, shi ke jifan 'yan adawar sarauta da habaici da zambo ba tare da ya kama suna ba.

Nan ne Narambaɗa ya yi wa tsara zarra. Yabon sarki kowa na yi, amma shi yana cusa wa yabon tunani a kan mulki, da mutuwa, da haƙuri, da yadda duniya ke juya wa mutum baya. Waƙarsa Bakandamiya ta shahara har kalmar ta zama abin da ake kiran duk wani aikin da gwani ya ƙure basirarsa a ciki. Wadda ya yi wa doki, Dokin Iska, har gobe ana nazarin ta a jami'o'i saboda yadda ya siffanta dabba kamar kana kallon ta a filin sukuwa. Da Hausar yankinmu ya yi su duka, mai sanya "h" inda Bakano zai sa "f", ga kalmomin sarauta da na doki waɗanda da yawanmu sai mun tambayi tsofaffi kafin mu gane.

Kuma ba shi kaɗai yake waƙar ba. Yana da yaransa 'yan amshi, masu karɓa in ya jefa, wani lokaci su ƙarasa masa ɗan waƙar da ya ɗauko. Kafin zuwan na'ura, su ne ma'ajiyar waƙa. Abin da suka hardace shi ke rayuwa, abin da suka manta ya tafi ke nan. Makaɗan fada nawa aka yi a Gobir da Zamfara tun zamanin Bawa Jangwarzo? Muryar ko ɗaya daga cikin na wancan zamani ba ta iso mu ba, domin babu abin da zai kama ta.

Sa'ar da Narambaɗa ya taka ita ce ƙarshen rayuwarsa ya haɗu da farkon zamanin na'ura a Arewa. A 1898 wani mutumin Denmak, Valdemar Poulsen, ya gano yadda za a ajiye murya a kan siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu. A 1935 kamfanin AEG na Jamus ya nuna rikoda mai amfani da tef a Balin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tef ya bazu a gidajen rediyon duniya. A nan gida, Kano ta samu rediyo mai waya a 1944, wato akwatin lasifika da ake ja wa waya daga tasha. An kafa hukumar watsa labarai ta Najeriya a 1951, ta zama NBC a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa. Gidan rediyon Jihar Arewa da ke Kaduna ya fara aiki a 1962. Ka lissafa da kanka: 'yan shekaru kaɗan ne tsakanin isowar rikoda da rasuwar Narambaɗa. Duk abin da muke ji a yau, a wannan ɗan tsakanin aka kama shi.

To yaya ake kama murya? Sauti girgizar iska ce. In makaɗi ya buɗe baki, iskar da ke gabansa tana kaɗawa, ta bugi wani siririn faifai da ke cikin makirfo. Motsin faifan yana haifar da 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda muryar ke hawa da sauka. Wutar ba ta da ƙarfi, don haka sai ta bi ta amfilifaya ya ƙara mata. Daga nan ta shiga abin da masu gyaran rediyo ke kira hed, wani ɗan ƙarfe da aka naɗe da waya, mai siririyar tsaga a gabansa. Wutar na shiga sai ya zama maganaɗisu mai canza ƙarfi kowane lokaci. Tef kuwa leda ce da aka shafe da garin tsatsar ƙarfe. Yana wucewa ta gaban tsagar, ƙwayoyin garin suna jeruwa bisa ƙarfin da suka tarar, su tsaya a haka. Ka ga an zana siffar muryar ke nan a kan tef. Akwai kuma wani siririn sauti da kunne ba ya ji, wanda ake gauraya wa muryar lokacin ɗauka don ƙwayoyin su karɓa da kyau. Injiniyoyin Jamus sun kama wannan dabara a 1940, ita ce ta sa sautin tef ya daina shaƙewa.

Wajen saurare sai a juya tafiyar. Tef ya wuce gaban hed, maganaɗisun da ke jikinsa ya tayar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ya ƙarfafa ta, lasifika ta tura iska, iska ta bugi dodon kunnenka. Babu lamba, babu lissafin kwamfuta a ko'ina. Wannan shi ake kira analog: siffa ce ake kwafa daga iska zuwa wuta, daga wuta zuwa tsatsa, a sake komowa.

Saura yadda ta taso daga Kaduna ta iso bakin gulbin Rima. Tasha tana ɗora muryar a kan igiyar rediyo ta harba ta eriya. Gajeren zango yana tashi sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya dawo ƙasa da nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa Rediyon Kaduna ta riƙa shiga ƙauyukan Gobir har da Maraɗi. FM da oba-oba ba su da wannan gata, kusan iya inda eriya ke hange suke kaiwa. Don haka ake kafa musu tashar maimaitawa a kan tudu ko dogon turke. Aikinta ta karɓi saƙon da ya raunana a kan mita ɗaya, ta tace, ta ƙara masa ƙarfi, ta sake harba shi nan take a kan wata mitar. Akwai kuma wata iri da ake yi wa laƙabi da aku. Ita mita ɗaya gare ta, sai ta ɗauki maganarka na 'yan daƙiƙoƙi, ta jira ka yi shiru, sannan ta maimaita da ƙarfi don na nesa ya ji. In ka lura, aikin 'yan amshi ne sak: jagora ya jefa, su karɓa su ɗaga, na bayan taro ya samu.

Amma fa analog yana da aibi guda. Duk inda murya ta bi, sai ta ɗauki ƙura. Kowane amfilifaya yana ƙara ɗan shuu nasa, kowane tef ma haka, kuma na'urar ba ta iya bambance murya da shuu, duka take ƙarfafawa. Yanzu ka bi sawun waƙar da ke wayarka. An ɗauke ta a babban tef. An sa ta a rediyo. Wani ya ɗauka a kaset daga akwatin rediyonsa. Mai shagon kaset ya kwafa daga wannan zuwa wancan, sau nawa Allah kaɗai ya sani. Kaset yana tafiyar santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, alhali na gidan rediyo yana yin 19 ko 38, kuma iya saurin tef iya kyan sautinsa. In batir ya yi sanyi lokacin kwafa, sai gudun waƙar ya canza, muryar ta sauya kama. Daga ƙarshe aka matse ta ta zama MP3, aka yi ta tura ta ta blutut. Shi ya sa wani ɗan waƙar za ka ji malamai biyu suna gardama a kan kalma ɗaya, kowa da abin da kunnensa ya ba shi.

Kwatanta shi da waɗanda suka daɗe bayansa. Musa Ɗanƙwairo, shi ma makaɗin kotso, ya kai 1991. Mamman Shata ya kai 1999. Su an ɗauke su a kaset da talabijin, muna ganin yadda suke tsayawa da yadda suke juya hannu. Narambaɗa kuwa murya muka gada, ita ma rabon da na'ura ta riska. Waƙoƙin noman da ya yi yana saurayi da kiɗan da ya yi a fada shekara da shekaru kafin rikoda ta zo, iska ta tafi da mafi yawansu.

Malamai sun yi nasu ƙoƙarin. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a cikin ayyukansa kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum mai suna Narambaɗa a 2009. Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kansa a 2019. Sai dai takarda kalmomi take riƙewa. Amon kotso da yadda yaransa ke shigowa kan gaɓa, wannan sai tef.

Tef kuwa yana mutuwa. Zafi na sa shi miƙewa, danshi na sa masa fumfuna, ajiye shi kusa da babbar lasifika na iya shafe abin da ke kansa. Ga kuma halin da yankinmu yake ciki. Mutanen ƙauyuka da yawa a Sabon Birni da Isa sun bar gidajensu saboda 'yan bindiga, wasu sun tsallaka Nijar. Wanda ke gudun ceton rai ba zai tsaya ɗaukar kwalin kaset ba. Kuma ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka kashe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da namu biyun. Wanda ya dogara da intanet don jin waƙa ko labari ya zauna shiru, sai mai akwatin rediyo da mai abu a ajiye a hannu.

Don haka in akwai tsohon kaset a ɗakin kakanka, kada ka bari yara su zare shi su yi wasa. Ka fara ɓalle 'yan haƙoran nan biyu da ke samansa, don kada wani ya danna ɗauka bisa kuskure ya shafe shi. Ka nemi rikoda mai lafiya, ka goge hed da auduga da ɗan sifirit. Kada ka kara waya a bakin lasifika, domin za ka haɗa da kukan akuya da ƙarar babur. Ka ja waya daga ramin iyafis zuwa kwamfuta, ka ajiye a tsarin WAV wanda ba ya matse sauti. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, kada ka yi saƙon murya. Ka ajiye kwafi biyu a wurare daban, kaset ɗin kuma ka mayar da shi inuwa.

Abu na ƙarshe ya fi duka gaggawa. Har yanzu akwai dattawa a Isa da Tubali da kewaye waɗanda suna yara suka ga Narambaɗa da idonsu, ko suka ji labarinsa daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Ka je ka gaishe su, ka kunna musu waƙar, ka tambaye su wa ake nufi a wuri kaza, me kalma kaza take nufi, su wa ke amshi. Ka nemi izininsu ka ɗauka, ka rubuta rana da garin da aka yi hirar. Wayar da ke aljihunka ta fi duk rikodar da aka taɓa ajiyewa gaban Narambaɗa kyan sauti, su kuwa waɗannan dattawa shekarunsu sun ja.

Allah ya jiƙan Ibrahim Narambaɗa, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir.